Yadda Muka Sa Aka Ji Muryar Liman

A dogon hutun da ya wuce, da na koma gida Gwaram, na tarar da wata magana tana yawo a unguwarmu wadda ba ta yi mini daɗi ba ko kaɗan. Kakana shi ne limamin masallacin unguwar tun muna cikin Jihar Kano, watau tun kafin a yanko Jigawa a 1991. Yanzu tsufa ya kama shi. Karatunsa yana nan daram, amma murya ta yi ƙasa ƙwarai. Mutanen sahun baya ba sa jin sa, balle mata masu saurare daga cikin gidaje. Wata rana da asuba ya yi ruku'u, rabin masallaci yana tsaye, domin ladan da kansa bai ji kabbarar ba balle ya ɗaga ta. Daga ranar wasu suka fara ƙus-ƙus, wai lokaci ya yi da Malam zai huta.

Ba wai masallacin ba shi da lasifika ba ne. Akwai ta, da amfilifaya, da makirufo a kan sanda. Abin da ke faruwa shi ne, in aka murɗa maɓallin ƙara don a ji Malam, da ladan ya zo kiran salla sai lasifikar ta riƙa tsagewa kamar ana yaga ƙyalle, ko kuwa ta ɓarke da wani kuka mai huda kunne. In aka rage don ladan, sai Malam ya ɓace. Har an ɗora wa wani yaro aikin murɗa maɓallin, amma shi ma ai salla yake so ya yi.

Dalilin wannan rubutu shi ne in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu yadda muka shawo kan al'amarin da wata 'yar na'ura, da kuma kurakuran da na yi a hanya, domin na tabbata ba masallacinmu kaɗai ke da wannan ciwo ba.

Da farko sai mu san me makirufo yake yi. Shi dai aikinsa ya mai da motsin iska ya zama wutar lantarki, amma wutar 'yar mitsitsiya ce. Batirin tocila bolt ɗaya da rabi ne. To, a raba bolt ɗaya gida dubu, kowane gida sunansa milibolt. Mai magana a hankali ba ya samar da abin da ya wuce milibolt biyu ko uku zuwa shida, mai ɗaga murya kuwa yana iya kai sittin ko fiye. Saboda haka tsakanin Kaka da ladan akwai tazara ta ninki goma, wani lokaci ma ta fi haka. Duk wanda ya taɓa zuwa wajen duwatsun nan masu amo na Birnin Kudu ya san wannan tazara: ka ƙwanƙwasa dutsen da ɗan tsakuwa, sai wanda ke kusa zai ji, ka buga da babban dutse, a ji daga nesa. Shi kuwa maɓallin ƙara ba ya rage tazara. In ya ninka muryar Kaka sau ɗari, ta ladan ma sau ɗari zai ninka. Shi ya sa duk yadda aka murɗa shi sai ɗaya daga cikinsu ya cutu.

Da muka dawo makaranta na kai kukana wurin malaminmu na Fiziks, wanda ke kula da ƙungiyar 'yan kimiyya. Na ce, "Malam, babu wata dabara da maɓallin zai riƙa murɗa kansa?" Ya yi dariya ya ce akwai, kuma gidajen rediyo sun daɗe suna amfani da ita, shi ya sa in kana sauraron labarai ba ka tashi kowane minti ka ƙara ko ka rage. Bayan mako biyu ya zo mana da wani ɗan allo kore, bai fi kan babban yatsa biyu ba. A tsakiyarsa akwai wani baƙin abu mai ƙafa goma, wanda bai kai ƙwayar masara ba. Irinsa ne masu gyaran rediyo suke kira aisi. Lambarsa SSM2167, kamfanin Analog Devices na Amurka ne yake yin sa, kuma bolt uku ya ishe shi, watau batiran tocila biyu. Ana sa shi tsakanin makirufo da amfilifaya, ya karɓi 'yar wutar nan ya ƙarfafa ta kafin ta wuce.

Ayyuka uku yake yi a lokaci guda. Masu haɗa sauti suna kiran su limita, da kwamfuresa, da get. Mu a ƙungiyarmu muka sa musu linzami, da matsi, da ƙofa, kuma da waɗannan sunaye zan ci gaba.

Linzami shi ya fi sauƙin fahimta. A cikin aisin akwai wata iyaka da aka dasa a milibolt 63. Muryar da ta shigo daidai wannan iyaka ana ninka ta sau takwas, ta fita wajen milibolt 500, watau rabin bolt. Wadda ta haura iyakar kuwa sai a ja mata linzami: ko ladan ya ninka ƙarfin muryarsa sau biyu, abin da zai fita ba zai ƙaru da ko kashi ɗaya cikin goma ba. A wannan aisi ba a iya matsar da iyakar. Yana da wa, SSM2166, mai ƙafa goma sha huɗu, wanda a jikinsa ana iya matsarwa, amma mu ba shi muka samu ba.

Matsi shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ne na fi shan wahala, domin sunan ya ruɗe ni. Na ɗauka matsi yana danne mai ƙarfi ne. Ashe a wannan aisi ba haka ba ne. Mai ƙarfi yana nan inda yake a bakin iyaka, na ƙasa ake ɗagowa a kusanto da shi. Gwargwadon yadda murya ta yi ƙasa da iyakar, gwargwadon yadda ake ƙara mata ninki. Ana auna matsi da awo irin su 2:1 ko 3:1, har zuwa 10:1, kuma da desibel ake lissafin. Desibel ma'auni ne na ninki, an samo sunansa daga Alexander Graham Bell na wayar tarho. Ninki biyu desibel 6 ne, ninki goma kuwa desibel 20. Ma'anar 2:1 ita ce, tazarar desibel 20 a shiga ta koma 10 a fita.

Bari in kawo misali da lambobi, don iyayenmu da ba su zauna ajin Fiziks ba. A ce ladan yana ba da milibolt 63, Kaka kuma kashi ɗaya cikin goma na wannan, watau 6 da ɗan kai. Ladan dai kullum 500 zai fita. In babu matsi, Kaka zai fita da 50. A kan 2:1 zai fita da kamar 160. A kan 3:1, kamar 230. A kan 10:1 kuwa har 400, ya kusa kamo ladan ke nan. Resista guda ɗaya tak ke zaɓar wannan awo. Takardar kamfanin ta nuna kilo'om 15 yana ba da 2:1, 35 yana ba da 3:1, 75 yana ba da 5:1, sa'an nan 175 yana ba da 10:1.

Ina ganin waɗannan lambobi sai na ce ai magana ta ƙare, a sa 10:1 kowa ya huta. Malam bai hana ni ba, ya ce in gwada. Resistocin da ke kan allon ƙanana ne kamar ƙwayar riɗi, ba mu da hannun taɓa su. Sai muka kai wa wani mai gyaran wayar hannu a cikin garin Birnin Kudu, ya cire guda biyun da muke so, ya liƙa mana siraran wayoyi da dalma a gurbinsu, yadda za mu riƙa canza manyan resistoci da kanmu. Ba a samun 175 a kasuwa, muka sa 180. Ran Asabar da yamma muka haɗa a ɗakin taro, na kira wani ɗan aji ɗaya mai sanyin murya na ce ya karanta mana wani abu. Kalma uku ya faɗa, lasifika ta kurma ihu, 'yan ƙungiya suka toshe kunnuwa, yaron ya saki makirufo ya yi waje. Garin neman ƙiba na samo rama.

Da hankali ya kwanta Malam ya sa na yi lissafin a allo. In babu matsi ana ninka ƙaramar murya sau 8. A kan 10:1 ana ninka ta sau 63. To, aisi ba ya sanin wannan muryar mutum ce, wannan kuma fanka ce ko jan benci. Duk ƙaramin sauti ɗagowa yake yi. Mafi muni, sautin da ya fito daga lasifika ya bugi bango ya komo cikin makirufo, shi ma ƙaramin sauti ne, sai a ninka shi a sake fitarwa, ya sake komowa, a sake ninkawa. Wannan zagaye shi ne kukan da muke ji. Watau duk abin da ka ƙara na matsi, ka matso da kanka kusa da kuka ke nan. Ban da haka, ko da muka rage ƙara kukan ya tsaya, maganar ba ta da daɗin ji. Numfashi da haɗiyar yawu sun yi ƙarfi daidai da kalmomi, kuma murya ta zama shimfiɗe, babu hawa babu sauka. Karatun da babu hawa da sauka kuwa ai ba karatun Kaka ba ne.

Saura ƙofa. Tun da matsi yana ɗago ƙananan sautuka, dole a sami wani mataki da za a ce daga nan zuwa ƙasa ba magana ba ce, hayaniya ce, a danne ta. Aikin ƙofa ke nan. Sautin da ya haura matakin ya wuce, wanda bai kai ba a rage shi, kuma gwargwadon ƙanƙantarsa gwargwadon yadda ake danne shi. Shi ma resista ɗaya ke saita shi. In aka haɗe wayoyin ba resista, matakin yana milibolt 10. Kilo'om 1 yana saukar da shi zuwa 4, kilo'om 2 zuwa 2, kilo'om 5 kuma ƙasa da haka kaɗan.

Akwai abu biyu game da ƙofa da nake so a lura da su, domin ni sai da na je Gwaram na gane su. Na farko, ƙofa ba rariya ba ce. Ba ta tace ƙarar janareta daga cikin murya. Sa'ad da mutum ya yi shiru ne kawai take rufewa. Da ya buɗe baki ta buɗe, ƙarar janareta ta biyo muryarsa ta shigo. Na biyu kuwa ya fi haɗari. In matakin ya yi sama, ƙofar tana cinye gutsuren magana. Ba duk haruffa ke da ƙarfi ɗaya ba. Wasula suna da ƙarfi, amma irin su ha da fa da sin iska ce kawai, kuma ƙarshen aya, inda mai karatu yake jan madda numfashinsa na ƙarewa, nan ne murya ta fi rauni. A wajen sanarwar ɗaurin aure in harafi ya faɗi babu wanda zai damu. A karatun salla kuwa ba abin wasa ba ne.

Akwai kuma wani kafasita a gefen aisin mai maikurofarad 10, wanda shi ke sa na'urar ta ɗan jinkirta kafin ta canza ninki. In aka sa ƙarami, tana saurin hawa da sauka tsakanin kalma da kalma, a ji hayaniyar baya tana kumbura tana sacewa kamar mai haki. In aka sa babba, bayan ƙara mai ƙarfi sai ta daɗe ba ta ɗago ƙaramar murya ba. Mun gwada, muka komo kan 10 ɗin da kamfani ya ba da shawara, ba mu sake taɓa shi ba.

Da aka ba da hutun tsakiyar zango na roƙi Malam aron allon, na nufi gida da shi cikin gwangwanin alewa. Na sami Kaka a zaure na gaishe shi, na ce, "Allah ya gafarta Malam, na zo da maganin lasifika." Ya juya allon a tafin hannunsa ya ce, "Kai ɗan boko, wannan ƙwaron ne zai yi abin da zuma da citta suka kasa?" Amma ya yarda, ya sa aka buɗe mini masallaci da hantsi, lokacin da babu kowa.

Gwajin farko bai yi ba. Na haɗa makirufon masallacin, babban nan na hannu, sai shiru, sai in an yi ihu a cikinsa. Ashe irinsa wutar da yake bayarwa ba ta ko kai matakin ƙofa, ga shi kuma yana kan sanda, kusan santimita 40 daga bakin Kaka. Sai na tuna abin da aka koya mana, cewa in ka rage nisa da rabi, ƙarfin sauti yana ninkawa biyu. Daga santimita 40 zuwa 5 ninki takwas ke nan, a kyauta, ba tare da an ƙara wa janareta ko lasifika komai ba. Na koma ga ɗan ƙaramin makirufon da muka yi gwaji da shi a makaranta, irin wanda ake ce wa ilektaret, wanda James West da Gerhard Sessler suka ƙago a Amurka a 1962. Girmansa kamar maɓallin riga, kuma ya fi na hannu jin ƙaramin sauti. Muka ɗaura shi a kan wata lanƙwasasshiyar waya mai ƙarfi, aka maƙala a wuyan rigar Kaka, ya tsaya a gefen baki, ba a gaba ba, don kada iskar numfashi ta riƙa bugunsa. Wannan ya warware wata matsala da ban ma yi tunaninta ba. Da, in ya sunkuya ruku'u ko ya yi sujada, ya bar makirufo a sama ke nan. Yanzu duk inda ya yi, makirufo na biye da shi.

Daga nan muka bi abin daki-daki, kuma na ga jerin yana da muhimmanci. Muka fara da abin da ba ya bukatar resista. Aka ƙara wa janareta waya aka kai shi bayan katanga, ninki biyu na nisansa na da. Lasifikar cikin masallaci, wadda take bayan liman tana kallon makirufo, aka matsar da ita gaba tana kallon sahu. Sa'an nan na zare wayar daga ramin makirufo na amfilifaya na sa ta a ramin da aka rubuta AUX. Wannan kuskure ne da mutane da yawa za su yi: ramin makirufo milibolt kaɗan yake jira, in ka ɗura masa rabin bolt sai murya ta tsage ko da linzami yana aiki.

Bayan haka na cire matsi gaba ɗaya, na roƙi ladan ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa a cikin ɗan makirufon, na murɗa maɓallin amfilifaya har inda sauti ya cika masallaci bai tsage ba, na ɗan rage, na yi wa wurin alama da jan fenti. Saitin linzami ke nan a wannan aisi: tun da ba ya fitar da abin da ya wuce rabin bolt da yawa, in amfilifaya ta ɗauki wannan lafiya, babu abin da zai sake tsaga ta. Sai na sa kilo'om 15, Kaka ya yi karatu, ƙanena yana sahun ƙarshe yana ɗaga hannu in ya ji. Ya ce yana ji amma sai ya kasa kunne. Na sa 33, domin shi ne mafi kusa da 35 a cikin gwangwanina. Ya ce yanzu ya fita sarai. Na gwada 75 don in gani, sai na ji lasifika ta fara wani ɗan amo a ƙarshen kowace kalma, alamar kuka na tafe. Na komo 33.

Ƙofa ce ta ƙarshe, kuma ita ta ci mana lokaci. Aka tayar da janareta. A kan kilo'om 1, in Kaka ya yi shiru masallaci tsit, har na fara murna. Ladan ne ya girgiza kai ya ce, "Yaro, ƙarshen ayoyin fa ba sa fita." Ni ban lura ba, shi da ya haddace ya lura. Na sa 2, ya ce da sauƙi, amma har yanzu akwai inda take gutsurewa. Na sa 5, ya saurara har Kaka ya kai ƙarshen sura, sa'an nan ya ce to, yanzu babu abin da ya faɗi. A kan 5 ɗin ana ɗan jin gunjin janareta can ƙasa-ƙasa bayan kowace aya, kafin ƙofar ta rufe. Na so in koma 2 saboda wannan, ladan ya ce a'a, gara a ji janareta da a rasa harafi. A ganina gaskiyarsa ce, muka bar shi haka.

Da magariba aka yi salla da ita. Ina sahu na huɗu, gabana yana faɗuwa, rabin hankalina yana kan lasifika, Allah ya yafe mini. Ba ta yi kuka ba, kuma sahu duka suka yi ruku'u tare. Washegari wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta aiko da ƙosai, ta ce rabonta da jin karatun Malam daga ɗakinta tun azumin bara.

Matsala ɗaya ta ɓullo a rana ta uku. Bayan sallame sallar isha'i Kaka ya manta da abin da ke wuyansa, ya juya ya raɗa wa na kusa da shi cewa goron da aka kawo masa jiya duk ya bushe. Na'urar da aka yi don ɗago ƙaramar murya ta yi aikinta, unguwa duka ta ji, har da wanda ya kawo goron. Da safe na sa maɓallin kashewa a jikin gwangwanin, na nuna masa inda zai danna.

Ƙus-ƙus ɗin nan ya lafa. Sai dai na'ura ba ta ƙara wa mutum numfashi, kuma Kaka ya fi kowa sanin haka. Kafin in dawo makaranta ya kira na'ibinsa ya ce daga yanzu ya riƙa jan isha'i, shi kuma ya riƙe asuba da magariba. Na'ibin muryarsa tana da kauri, saboda haka 3:1 ta yi masa yawa, numfashinsa yana fita. Na bar musu resista mai kilo'om 15 a naɗe cikin takarda, amma babu mai iya canzawa kullum dare. Malam ya ce in mun samo ɗan maɓalli mai hanya biyu za mu liƙa resistocin duka a jikinsa, gefe ɗaya na liman, gefe ɗaya na na'ibi, in kai musu in an yi hutu. Allon da na ara kuwa har yanzu ƙungiya tana bi na, mahaifina ya yi alkawarin biya in an sayar da riɗi.